Likkafanin da Ya Kwana Huɗu a Shagona

Shekara biyu na yi ina zuwa Gashuwa duk Asabar, ina wani karatun ƙarshen mako da ake yi wa masu sana'a, kuma a shekara biyun nan ban taɓa fita daga Nguru babur ɗina yana kama da babur ba. Kullum kamar jakin da za a kora kasuwar Jajimaji. Unguwarmu kaf an haddace ranar tafiyata. Tun la'asar ɗin Juma'a ake fara sallama a ƙofar gidanmu, wannan da ƙullin daddawa, wannan da ɗinkin da tela ya gama, waccan da robar man shanu wadda murfinta ba ya kamawa. Akwai ranar da aka ɗaura mini kaza mai rai, ta yi mini kashi a kan littafin darasi tun ban bar gari ba.

Nauyin kayan bai taɓa damuna ba, isarwar ce ke cin raina. A wajenmu ba a miƙa saƙo daga kan babur. Sai ka yi sallama, a shimfiɗa maka tabarma, a kawo ruwa ka sha ko ba ka jin ƙishi, a tambaye ka lafiyar kowa har da akuyar da ta haihu, sannan a ba ka amsa ka riƙe ta a ka yadda aka faɗe ta, ka dawo Nguru ka bi gida-gida kana juyewa. Darasinmu sha biyu yake ƙarewa, amma ban taɓa shigowa gida kafin magariba ba. Ni kuwa mutum ne mai saurin hawa, kowa ya shaide ni da wannan. Sai dai duk fushina a kan hanya yake ƙarewa, in yi ta tsaki ni kaɗai iska tana kwashewa. A gaban tsohuwa bakina ba ya iya cewa a'a.

Sauran kwanakin mako ina shagona kusa da tashar mota, ina buga wa mutane takardu, ina cike wa ɗalibai fom, ina ɗaukar hoton fasfo. Wani ɗan bautar ƙasa da ya saba zama wurina ne ya sa mini wani wasa a kwamfutar shago kafin ya koma garinsu. Wasan kumbo ne. A ba ka ƙaramin jirgin sararin samaniya a sake ka cikin taurari, babu mai ce maka ga inda za ka. Wasu yaƙi suke yi, wasu fatauci. Ni tafiyar ce ta kama ni. Ina zaune fanka tana kaɗa zafin Nguru daga wannan kusurwa zuwa waccan, 'yan kamasho suna kiran Gashuwa mutum ɗaya, ni kuwa ina can ina zagaya wata jar rana da babu wanda ya taɓa zuwa wurinta.

Jirgin tsalle yake yi daga tauraro zuwa tauraro, kuma nisan tsallen ya danganta da nauyinsa. A kowace tasha akwai gareji, inda ake jera maka kayan jirginka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nauyinsa a gefe, can ƙasan allo kuma ga wata lamba da ke nuna iyakar tsallenka. Ka cire abu, lambar ta hau. Ka ƙara, ta sauka. Wannan lamba ta shiga raina, wallahi, ina cin tuwo ina tunaninta.

Da bindigogi na fara, tunda inda za ni babu wanda zan harba. Na cire rumbun kaya. Na sauke babban tankin mai na sa ƙarami, na haɗa da wani abu mai kwasar mai daga jikin tauraro in ka matsa kusa, wanda ni na raɗa wa suna ludayi. Injin tsalle kaɗai na sa mafi girman da jirgin zai iya ɗauka, komai ban da shi na zaɓi mafi ƙanƙanta, har na'urar iskar numfashi, wadda in gilashi ya tsage 'yan mintoci kawai za ta riƙe ka. Garkuwa ce ta ba ni wahala. Kwana uku ina sa ta ina cirewa. In babu ita, ƙaramin kuskure wajen sauka ya isa ya tarwatsa jirgin, in kuwa tana nan, lambar tana sauka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A ƙarshe na cire ta. Kuma garejin nan yana da wani sauƙi da ya ɓata ni: duk abin da ka cire ajiye maka shi ake yi a tasha, ranar da ka dawo ka tarar da shi yadda ka bar shi.

Ana cikin haka masu wasan daga ƙasashe daban-daban suka shirya ayari zuwa can gefen taurari, inda suke yin nisa da juna har sai jirgi mai dogon tsalle ne ke iya haurawa. Za a taru a tasha ɗaya a tashi tare, ranar wata Asabar, ƙarfe huɗu na yamma agogonmu. Bari in faɗi gaskiya tun yanzu: wanda ya makara yana iya bin baya, babu mai hana shi. Ni dai so nake a gan ni a layi. Wata biyu ina sassaƙar jirgin nan, ina so wani daga can ƙarshen duniya ya ga lambata ya tambayi wannan daga ina yake, in rubuta masa Nguru.

Ina da gwaggo biyu, yayyen mahaifina, Allah ya jiƙansa. Sunan kakanmu aka sa mini, don haka a cikinsu babu mai kama sunana, Babanmu suke ce mini tun ina tsumma. Bayan mazansu sun rasu suka dawo gidanmu suka zauna ɗaki yana kallon ɗaki, kullum cikin faɗa a kan gishirin miya, har kumburin ƙafa ya kama Gwaggo Babba, ɗanta, wanda nake kira Yaya, ya ɗauke ta ya mayar Gashuwa kusa da asibiti. Gidansa yana can ƙarshen gari wajen kogi, hanyar duk yashi, sai ka sauka ka tura babur. Gwaggo Ƙarama ta rage ita kaɗai, ba abokiyar faɗa. Ni ne wayar da ke tsakaninsu, don kunnen Gwaggo Babba ya yi nauyi, in an kara mata waya sai ta yi ta tambayar wa ke nan har mai kiran ya gaji.

Mako guda kafin tashin ayarin na je gaishe ta. Tana kishingiɗe, ƙafafun sun yi suntum. Ta bari sai da matar ɗanta ta fita duba tukunya, sannan ta jawo bakin rigata.

"Babanmu, matso. Ka ce wa ƙanwata ta buɗe adakata, can ƙasa ƙarƙashin zannuwa akwai farin yadin da na zo da shi daga Makka. Ta ba ka ka kawo mini."

Na san yadin, duk gidanmu an san shi. Shekarar da ta je aikin Hajji ta saye shi, ta wanke shi da ruwan Zamzam da hannunta, ta shanya a can ya bushe, ta naɗo shi don a sa ta a ciki ranar da ta cika. Na ce haba Gwaggo, ina ke ina wannan magana, ga shi yau kin fi makon jiya kyan gani. Ta yi mini hararar da take yi mini ina yaro in na tsoma hannu a kwanon manya.

"Ban ce ka yi mini aikin likita ba. A hannuna za ka sa shi. Kada yayanka ya gani, faɗa zai yi mini ya ce ina yi wa kaina mugun fata. So nake in ji shi kusa da ni."

Na ce to. Na dawo na juye wa Gwaggo Ƙarama saƙon yadda aka ba ni. Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ranar Asabar ɗin da gari ya waye, ina ɗaure kaya a bayan babur, ta fito da ƙunshin da kanta. Ta naɗe shi a wata tsohuwar atamfa, ta ƙulle bakin sau biyu, yana ƙamshin turaren wuta da na cikin adaka. Ta ce ba ta so ya kwana a hannun kowa, shi ya sa ba ta ba ni tun jiya ba. Ta buɗe jakar bayana da kanta ta sa shi tsakanin littattafai, ta ja zif ɗin, ta dafa kaina.

Ni kuwa tun kafin in tashi daga barci nake lissafi. Muna da jarrabawa ƙarfe tara, ba ta fasuwa. Sha biyu a tashi. Hanya awa ɗaya da 'yan kai. Ina bukatar in kasance a shago kafin uku, in duba batirin sola, in kai jirgina wurin taro. Saƙo bakwai ne a kan babur ɗin, kuma ko da gudu nake shiga gidajen ba zan gama kafin la'asar ba. Sai na biya ta shago kamar mai ɗaukar biro, na tura babur ciki, na jawo ƙofa.

Na kwance igiya. Daddawa ba ta lalacewa, na ajiye. Ɗinkin ba na biki ba ne, na ajiye. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, hannuna yana yi kamar yadda ya saba a gareji, har bayan babur ya zama fayau. Saura ƙunshin da ke cikin jaka. Na fito da shi na riƙe. Bai kai littafin darasina nauyi ba. Amma duk cikin bakwai ɗin shi ne mai cin lokaci: ga yashin bakin kogi, ga jiran yayana ya fita, ga jiran matarsa ta ba da baya, kuma Gwaggo Babba ba za ta sake ni ba sai na ci abinci ta yi mini addu'a tun daga kan kakanni. Awa biyu, in an yi sauƙi. Na ce wa kaina matar nan shekara biyu tana wannan ciwo, yau da Asabar mai zuwa duk ɗaya ne. Na ɗora shi a saman kantar shago bayan kwalayen takarda, na ƙi ajiye shi a ƙasa, wai ni nan mai ladabi.

Abin da ya fi ba ni kunya in na tuna shi ne daɗin tafiyar ranar. Babur ba kaya, ba abin da ke karkata, ba abin da zan waiwaya in duba. Na wuce Jajimaji ina 'yar waƙa. Na rubuta jarrabawa, na fito, na naɗe fuska da hirami na bi ta bayan gari don kada in gitta ta gaban rumfar yayana a kasuwa. Ƙarfe biyu ina Nguru. Na shige shago na kulle kaina, na yi la'asar kamar kaza tana tsattsagar gero.

Aka tashi. Jirage sun jeru a gefen wata farar rana, aka ƙirga daga goma, muka ɓace gaba ɗaya. Wani ya rubuta cewa tsallen jirgina ya yi kyau, amma bai tambayi daga ina nake ba. Ƙamshin turaren yana saukowa daga saman kanta, na ƙara wa fanka ƙarfi.

Ban koma gida ba sai bayan magariba, lokacin da na saba dawowa, har da shafa wa takalmi ƙasa. Gwaggo Ƙarama tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi.

"Babanmu, ya isa?"

Na ce ya isa.

"A hannunta?"

Na ce a hannunta.

"Me ta ce?"

Ban shirya wannan ba, amma bakina bai ko yi tuntuɓe ba. Na ce ta gode, ta sa shi ƙarƙashin matashinta, ta ce a gaya miki yanzu hankalinta ya kwanta. Har da kwaikwayon muryarta na yi. Gwaggo Ƙarama ta ɗaga hannu biyu ta yi ta sa mini albarka, ta ce Allah ya ba ni masu yi mini yadda na yi musu. Na ce amin. Ta turo mini tuwon da ta rufe mini, na zauna na cinye shi tas.

Lahadi na ce gobe zan rufe shago in kai. Litinin ayari ya kai wani wuri mai wuyar haurawa, na ce Talata. Talata ɗalibai suka cika shagon da cike fom. Wata mata da ta zo hoton fasfo ta shaƙi iska ta tambaye ni ko na fara sayar da turare ne, na daka mata tsawa na ce ta gyara mayafinta ta kalli nan. Ba ta yi mini laifin komai ba.

Laraba da hantsi, wajen ƙarfe tara, wayata ta yi ƙara. Yayana ne, ɗan Gwaggo Babba. Tsakanina da shi wasa ne, ba ya kirana sai ya fara da tsokana. Ran nan sunana kawai ya kira.

"Gwaggonka ta cika yanzun nan. Sha ɗaya za a yi jana'iza. Ka taho da Gwaggo Ƙarama."

Na hau kujera na sauko da ƙunshin, na tura shi a jaka. Na duba agogo. Da a lokacin na hau babur ni kaɗai na miƙe, da goma da kwata ina ƙofar gidan, ana cikin yi mata wanka. Na san wannan sarai, ni da na iya lissafin hanya. Amma na ce bari in fara biyawa gida.

Na tarar labari ya riga ni. Gwaggo Ƙarama ta yafa mayafi tana tsaye tsakar gida, mata sun kewaye ta. Da ta gan ni ta kama hannuna ta ce, "Alhamdulillahi da yadinta ya riga ya isa. Allah ne ya sa ta kira shi." Matan suka yi ta cewa Allah ya yi maka albarka. Jakar tana bayana. Kalma huɗu ko biyar ce za ta gyara komai, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa bari in nemo mana mota, tunda bayanta ba zai ɗauki babur ba.

Na ƙudurta cewa in mun isa zan zame in miƙa wa matar yayana ƙunshin a ɓoye, ta ce a ɗaki ta gan shi. Dabarar wawa ke nan, amma ita na riƙe. Muka zauna a tasha, mota saura mutum biyu. Minti goma, minti ashirin. Na fita na yi wa 'yan kamasho tijara, na ce ba su da imani, ana maganar gawa suna maganar kujera. Mutanen da kullum muke shan shayi tare suka tsaya suna kallona. Waya tana aljihuna. Kira ɗaya, in ce Yaya ku dakata, likkafaninta yana hannuna, da sun dakata, wallahi da sun dakata. Sau uku ina fito da ita. Gwaggo Ƙarama tana gefena kafaɗarta a jikin tawa tana jan carbi, sau uku ina mayarwa.

A Jajimaji direba ya tsaya sauke buhuna. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, har Gwaggo ta taɓa gwiwata ta ce in yi haƙuri, wadda za mu je wa ba ta sauri yanzu, kuma an riga an yi mata abin da take so.

Muna shiga layin na hango makara a ƙofar gida, an rufe ta, mutane suna daidaita sahu. Gwaggo Ƙarama ta shige cikin mata. Ni na shiga sahu da jakata a baya, tunda sallar gawa a tsaye ake yin ta, babu abin da zai sa in sauke. Da ita na ɗauki makara, da ita na tsaya a bakin kabari. Lokacin da ake saukar da ita na ga gefen yadin, sabo ne daga kasuwa, yana da sauran tauri. Fari ne tas. Kowane malami zai ce maka babu bambanci, kuma gaskiyarsa. Amma ba shi ta wanke da hannunta ba, kuma ni kaɗai ne a maƙabartar nan na san inda wancan yake.

Muka dawo muka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Ina amsa ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, jakar tana kan cinyata na rungume ta. Yayana ya dube ni ya ce in ajiye mana, ko takardun gado ne a ciki. Ya so ya yi dariya bai iya ba. Bayan la'asar aka aiko daga cikin gida ana kirana.

Ɗakin Gwaggo Babba an birkice shi. An ɗaga katifa an jingine a bango, an zare rigar matashi, kayan cikin kwalla duk a ƙasa. Matar yayana tana tsaye jikin ƙofa idonta ya yi ja. Ita ce ta yi jinyar shekara biyun nan, ita ke wanki, ita ke juya ta. Daga yadda ɗakin ya yi shiru na gane an faɗi maganganu kafin in shigo. Ashe Gwaggo Ƙarama ta ji a bakin masu wanka cewa yadin kasuwa aka sa, ta tambayi ina na Makka, aka ce wane na Makka, ta ce wanda ke ƙarƙashin matashi, kuma tunda mai gyara shimfiɗar mutum ɗaya ce, a kanta maganar ta sauka.

"Babanmu," in ji Gwaggo Ƙarama, "faɗa mata da bakinka. A hannun wa ka sa shi ranar Asabar?"

Matar yayana ba ta jira ni ba. Ta ce, "Gwaggo, ai bai zo ba ranar Asabar. Hajiya ta sa na fitar mata da tabarma tsakar gida inda take hango ƙofa, tun azahar har aka kira magariba. Ta ce ƙila babur ɗinsa ne ya lalace. Ranar Lahadi ma ta sa na fitar da ita. Na tambaye ta me take jira, ta ce ba ruwana."

Na durƙusa. Ban san lokacin da na yi ba. Na ja zif ɗin jakar, na fito da ƙunshin, na ajiye a gaban Gwaggo Ƙarama. Na so ƙasa ta buɗe in shige, amma siminti ne, yana nan yadda yake.

Ta daɗe tana kallon ƙullin, nata ne, sau biyu, ba a taɓa shi ba. Ba ni ta fara yi wa magana ba. Ita da take tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, ta juya wajen matar yayana ta ce, "'Yata, na ɗauki alhakinki. Ki yafe mini don Allah." Matar ta fashe da kuka ta ce babu komai, ta fita. Da duka aka rufe ni da shi da ya fi mini sauƙi a kan in ga wannan.

Muka rage mu biyu. Ta tambaye ni ko rashin lafiya na yi ranar. Na ce a'a. Ko babur ne. Na ce a'a, lafiyarsa ƙalau. Ta ce to Gashuwan ma na zo kuwa? Na ce na zo, na yi jarrabawa, na koma.

"Ƙarfe nawa ka isa Nguru?"

"Biyu."

"To me ya kira ka?"

Na nemi wata ƙaryar a cikina na rasa, sun ƙare. Na ce wasa ne, Gwaggo, a kwamfuta.

"Wasa." Ta juya kalmar a bakinta. "Irin na ƙwallo?"

Na ce na jirgi ne.

"To ka ci?"

Na ce ba irin wanda ake ci ba ne, tafiya kawai ake yi.

"Ina aka je?"

Ta jira ni sosai, da gaske take tambayar, tana so ta ji ko akwai wani wuri da ya kai a bar yayarta a tsakar gida tana kallon ƙofa. Na ce babu ko'ina.

Ta gyaɗa kai. Ta jawo ƙunshin ta kwance, ta buɗe gefen atamfar, farin yadin ya fito da sauran karin ninkin da mai shi ta yi masa. Ta ɗora tafin hannunta a kai, ta kai hancinta ta shaƙa, sai a lokacin hawaye ya zubo mata. Ta mayar ta ƙulle yadda yake, ta turo shi gabana.

"Ni ban je Makka ba, kuma ba na jin zan je. Yadin nan ya zama nawa yanzu. Yayanka ya ce ba zan koma Nguru in zauna ni kaɗai ba, a ɗakin nan zan zauna, kuma na yarda."

Na ce to ki sa shi a kwallarki, Gwaggo, ya zauna kusa da ke.

"A'a. Da shi za ka koma."

Na roƙe ta. Na ce ta ba Yaya, ta ba matarsa, ta ba kowa a duniya ban da ni. Na ce ta dubi girman Allah, ta ga abin da na yi. Ta ce ta gani, ai a gabanta yake. Ta ɗauki ƙunshin ta sa a jakata da kanta, ta goge fuska da bakin mayafi.

"Ran da aka kira ka, kada ka biya gida, kada ka tsaya ɗaukar kowa. Ka hau babur ɗinka ka taho, tunda ashe kana iya sauri."